Kuɗin yaran Trovan: diyya ce, sulhu ne, ko toshiyar baki?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga malamanmu da lauyoyinmu, kuma don Allah a ajiye siyasa gefe. A 2009 kamfanin Pfizer ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 saboda gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato IDH, lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Har yau kamfanin bai ce ya yi laifi ba. To kuɗin da iyayen suka karɓa, mene ne matsayinsa a shari'a? In diyya ce, ai sai an san wanda ya kashe. In ba diyya ba ce, me ake bin kamfanin tun farko? Sai ta biyu: mutumin da ya yarda da bakinsa a gwada magani a jikinsa, ya sa hannu, maganin ya illata shi, yana da sauran haƙƙi ko ya sarayar?

Ɗan Fagge:
Wa'alaikumus salam. Toshiyar baki ce Malam, babu wata kwana-kwana. Sun mayar da 'ya'yan talakawa zakaran gwajin dafi, da asiri ya tonu suka watso dala. Wace diyya kuma?

Likita Nura:
Ɗan Fagge, kafin a hau sama bari a shimfiɗa abin da ya faru, don yawancin 'yan gidan nan ba a haife su ba lokacin. Annobar ta kama mutum sama da 100,000 a arewa, ta kashe kusan 12,000. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin. Rabi aka ba su Trovan, wanda a lokacin ko a Amurka ba a ba shi lasisi ba, rabi kuma aka ba su ceftriaxone, sanannen magani mai aiki. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka rayu da kurumta, makanta, shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Kamfanin ya ce duk wannan aikin sanƙarau ne, kuma a matsayina na likita ba zan ɓoye ba, sanƙarau yana yin duk waɗannan ko ba a ba yaro komai ba. Masu ƙara kuma suka ce ba a gaya wa iyaye gwaji ake yi ba, ba a gaya musu ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, tana ba da tabbataccen magani a cikin asibitin nan ɗin ba, sannan an rage ma'aunin ceftriaxone ƙasa da yadda aka saba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye sun amince da baki. Rubutacciyar amincewa dai babu. Takardar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya aka gano bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi a 2001 ya ce gwajin ya saɓa doka, amma rahoton ya kwanta a aljihun tebur har sai da jaridar Washington Post ta fito da shi a 2006. Shi kansa Trovan, an ba shi lasisi a Amurka a 1997 don manya, a 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta.

Ɗan Fagge:
To Likita ai ka ƙara min hujja ne.

Likita Nura:
A kan rashin izini, e. A kan cewa maganin ne ya kashe yaro kaza, wannan babu wanda zai iya rantse maka. Nan gizo yake saƙa.

Malam Habibu:
Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Abban Sadiq, tambayarka ta farko mai sauƙi ce. Abin da aka yi sulhu ne a kan inkari, wato wanda ake ƙara bai amsa ba amma ya biya don a kashe rigimar. Malikiyya da mafi yawan malamai sun halatta shi, kuma wanda ya yi imani yana da haƙƙi, halal ne ya karɓa. Ba diyya ƙayyadadda ba ce, tunda ba alƙali ya yanke ba, amma maye gurbin jini ne, ba sadaka ba.

Ta biyun ita ce mai zurfi. Asalin babin shi ne hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi aikin likitanci alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi mai lamuni ne, zai biya. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa likitoci gida biyar a kan wannan. Uku suka shafe mu. Akwai gwani wanda aka ba shi izini, ya yi aikinsa yadda ya kamata, amma cutarwa ta auku: babu komai a kansa. Akwai gwani mai izini wanda hannunsa ya kuskure: akwai diyya, danginsa na wajen uba, wato aƙila, su suke ɗauka. Akwai gwani wanda ya yi aiki babu izinin majinyaci ko waliyyinsa: wannan yana biya ko da bai yi kuskure a aikin ba. Idan har abin da masu ƙara suka faɗa ya tabbata, cewa iyaye ba su san gwaji ba ne, to lamarin Kano ya faɗa gida na ƙarshe kai tsaye. Izinin da aka bayar a yi wa yaro magani ba shi ne izinin a yi gwaji da shi ba.

Batun sa hannu kuwa, a Mukhtasar na Shehu Khalil an ce ko da mutum ya ce wa wani in ka kashe ni na yafe maka, ya kashe shi, wannan yafiyar ba ta aiki. Dalili, ya zubar da haƙƙin da bai riga ya tabbata ba, kuma rai ba mallakarsa ba ne balle ya bayar. Saboda haka takardar da ta ce ba za ka nemi komai ba ko ka mutu, ba ta ɗaure magadanka.

Barista Zainab:
Allah ya gafarta Malam, wannan na ƙarshe ya zo daidai da dokar Amurka. Ƙa'idar bincikensu ta tarayya ta hana a sa wa takardar amincewa kalaman da za su sa mutum ya sarayar da haƙƙinsa na kai ƙara. Sai dai ga abin mamaki: dokar ba ta wajabta wa mai bincike ya biya wanda ya illatu ba. Abin da ta wajabta kawai, a gaya maka ko akwai biya ko babu. In aka rubuta babu, ka sa hannu, sai dai ka tafi kotu ka tabbatar da sakaci. Mutanen garin Tuskegee na Amurka da masu bincike suka bar su da ciwon sanyi na tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972, sai da suka yi ƙara kafin a sasanta a kan dala miliyan 10 a 1974. Mutanen Gwatamala da aka sa wa cuta da gangan a shekarun 1946 zuwa 1948, Amurka ta ba su haƙuri a 2010, suka kai ƙara, kotu ta kore ta a 2012. Haƙuri suka samu, ba kuɗi ba.

Hanyar kotu kuwa, mu a Kano mun ga tsawonta. An shigar da ƙarar Abdullahi da Pfizer a New York a 2001, aka yi ta korar ta ana cewa a koma Najeriya. Sai a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwaji a jikin mutum ba da yardarsa ba laifi ne a dokar ƙasa da ƙasa, a saurare su. Kuɗin farko bai shiga hannun iyaye ba sai a Agustan 2011, iyalai huɗu, kowanne dala 175,000. Daga 1996 ke nan, shekara 15. Kuma ƙofar da suka bi ɗin ma, Kotun Ƙolin Amurka ta kusa rufe ta a 2013 a shari'ar Kiobel ta mutanen Ogoni.

Shi ya sa ƙasashe da dama suka koma ga biya ba tare da neman laifi ba. An illatu a cikin bincike, inshorar mai ɗaukar nauyi ta biya, ba sai an kama wani da sakaci ba. Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin bincike a jikin mutum na ƙungiyar likitoci ta duniya, tun 1964 take, amma sai a gyaran 2013 aka rubuta ƙarara cewa dole a tabbatar da magani da biya ga wanda bincike ya cutar.

Ustaz Mubarak:
Malam Habibu, da izininka ɗalibinka yana da ishkali. Kun kawo gida na farko: gwani, mai izini, bai yi kuskure ba, babu lamuni. Ƙa'idar fiƙihu ma ta ce halaccin shari'a yana kore lamuni. To mu bar Kano. A ɗauka bincike ne mai tsafta, kwamiti ya amince, NAFDAC ta amince, baligi mai hankali ya yarda bayan an karanta masa komai, sai maganin ya kashe masa ƙoda. Babu ta'addi, babu sakaci. Da wace hujja za mu wajabta wa kamfani biya? Ni a ganina abin da Barista take kira biya ba laifi, kyautatawa ce, ba wajibi ba. Kada mu riƙa jawo nassi ya dace da abin da Turawa suka tsara.

Malam Habibu:
Madalla da ishkali, Ustaz. Amma ka duba dalilin da ya sa aka ɗauke wa likita lamuni. Majinyaci ne ya zo neman lafiyarsa, amfanin aikin nasa ne, saboda haka hatsarin ma nasa ne. Kuma da za a ce likita ya biya duk wanda ya mutu a hannunsa, babu mai yin likitanci. Mai bincike fa? Shi ya je ya nemo mutumin. Sakamakon gwajin nasa ne, lasisin nasa ne, ribar kasuwa tasa ce. Wani lokaci wanda ake gwajin a kansa lafiyarsa ƙalau, babu abin da zai ƙaru da shi. To ga wata ƙa'idar da take gefen wadda ka kawo a cikin Majalla, kundin dokokin Daular Usmaniyya ta Turkiyya: algurmu bil gunmi, wanda yake kwasar riba shi yake ɗaukar asara. Ba za ka ɗauki hukuncin likita mai magani ka yafa wa ɗan kasuwa mai gwaji ba don kawai dukansu farar riga suke sawa.

Sannan biya ba laifi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun riga su. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i: wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Kuskure fa, babu zunubin ganganci, amma diyya ta wajaba a miƙa wa iyalinsa sai in sun yafe. Kuma ba shi yake biya ba, aƙila ce, a rarraba cikin shekara uku, mutanen da ko wurin ba sa nan. Me ya sa? Don maƙasudin ba hukunta wani ba ne, cike gurbin da aka yi wa wani gida ne.

Ustaz Mubarak:
Na ji ta aƙila. Amma kamfani ba shi da dangin uba, Malam.

Malam Habibu:
Sayyidina Umar ya mayar da ita kan ma'abota diwani, wato waɗanda suke rajista ɗaya ta albashi, Hanafiyya suka tafi a kan haka. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2005 ta yi ƙuduri a kan aƙila a wannan zamani, ta ce inshorar takaful da ƙungiyoyin ma'aikata da asusun ma'aikatu za su iya tsayawa a matsayinta. Kuma ko ka ƙi duk wannan, akwai sharaɗi. Hukuma tana da ikon cewa ba za ka yi gwaji a ƙasata ba sai ka ajiye lamuni. Ka yarda ka shigo, to Musulmi suna kan sharuɗɗansu, wanda ba Musulmi ba ma alƙawarinsa yana ɗaure shi.

Wani abu kuma da ban faɗa ba ɗazu. Ita wannan majalisar a zamanta na Jidda a 1992 ta ce bincike yana buƙatar yardar mai cikakken hankali, wadda babu tilas a cikinta kamar ta fursuna, babu kwaɗaitarwa da kuɗi kamar ta miskini, har ta ce ba a yin sa a kan marasa cikakken hankali da yara ko da waliyyi ya yarda. Shekara huɗu ke nan kafin Trovan.

Likita Nura:
Malam, wannan na ƙarshe in aka riƙe shi a yadda yake, an kashe likitancin yara. Yaro ba ƙaramin babba ba ne, hantarsa da ƙodarsa daban suke sarrafa magani. In ba a gwada a kan yara ba, to kullum lalube za mu riƙa yi a kansu, wanda shi ma gwaji ne, sai dai babu mai rubutawa. A Madarunfa ta jihar Maraɗi an gwada rigakafin gudawar rota mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,000, yau ana amfani da shi a ƙasashe da yawa. Da iyayen nan ba su yarda ba fa?

Malam Habibu:
Ban musa ba Likita. Majalisar ma ta sake zama a kan ƙa'idojin binciken likitanci a Amman a 2006. Abin da nake ɗauka daga maganar shi ne waliyyi ba ya tasarrufi a kan yaro sai da abin da yake maslaha ga yaron. Uba ba shi da ikon kyautar da dukiyar ɗansa, ina ga ya yafe jinsa da ganinsa.

Hajiya Binta:
'Ya'yana, ku yi haƙuri tsohuwa ta sa baki. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma duk wanda ya ga ɗakin 'yan sanƙarau lokacin zafi ya san maganar amincewa a wurin nan ta fatar baki ce. Uwa ce riƙe da yaro wuyansa ya sandare, idonsa ya kakkafe. Ka ce mata sa hannu, ko takardar sayar da gidansu ce za ta dangwala. Ba ta bambance mai magani da mai bincike, duk likita ne a wurinta. Saboda haka ni ban yarda a rataya haƙƙin mutum a kan ya yarda ko bai yarda ba. A ɗauka ma ta yarda. Yaron ya kurumce. Wa zai saya masa abin ji? Wa zai kai shi makarantar kurame ta Tudun Maliki? Ita ce dai.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Kuma ku duba rabon. Miliyan 75, amma 35 ce ta yara. Miliyan 30 ayyukan lafiya na gwamnati, 10 kuɗin shari'a. Jinin wasu, ginin wasu.

Barista Zainab:
Lissafinka daidai ne, kuma miliyan 35 ɗin in ka raba wa 200 shi ne 175,000 ɗin, wanda shi ne iyakar abin da mutum zai samu, ana rage shi gwargwadon illar. Sai kuma aka zo tantancewa, mutum 547 suka fito alhali yara 200 aka sani. Aka ce sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta na DNA a gwama da samfurin da aka ɗiba a 1996, wasu iyalan suka ƙi, don ba su amince da wanda yake riƙe da samfurin ba. Wannan ɓangaren laifinmu ne ma, mu faɗa. Amma tushensa rashin rubutu ne. Da an yi rajista ta gaskiya da sunan uba da unguwa, da ba a kai nan ba.

Abban Sadiq:
Har yanzu ba a warware min abu ɗaya ba. Likita ya ce ba a iya cewa maganin ne ya kashe. To a shari'a hujja tana kan mai da'awa. Talaka zai kawo shaidar cewa Trovan ne ba sanƙarau ba?

Malam Habibu:
Wannan ita ce mafi wuya, kuma ba zan ce fiƙihu ya warware ta da layi ɗaya ba. Amma akwai abin dubawa. An sami Abdullahi ɗan Sahlu a kashe a Khaibara, ba a san wanda ya kashe shi ba. Danginsa suka ƙi rantsuwa a kan abin da ba su gani ba, suka kuma ƙi karɓar rantsuwar waɗanda ake tuhuma. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce to shi ke nan a tashi ba. Ya biya raƙuma 100 daga wurinsa don kada jinin ya tafi a banza. Bukhari da Muslim duk sun kawo. Wasu malamai ma suka ce wanda ya mutu a turmutsitsi, baitulmali ne yake biya. Saboda haka in an kasa gane sababi, ba a cewa babu mai biya, sai dai a tambayi wa ya fi cancanta ya ɗauka. Ni a nan ina ganin wanda ya riƙe bayanan, ya tsara gwajin, ya rage ma'auni ko bai rage ba, shi ya kamata ya kawo hujjar cewa ba shi ba ne. Ra'ayina ne, ba ijma'i ba.

Ustaz Mubarak:
To ai ƙissar baitulmali ta nuna, ba kamfani ba. Ke nan gwamnatin da ta bar su suka shigo ita za a bi.

Malam Habibu:
Ita ma ba ta fita ba.

Barista Zainab:
Ustaz, kada ka ga kamar inshora ta gama magana. A Landan a Maris 2006 an gwada wani magani mai suna TGN1412 a kan samari shida masu lafiya, cikin awoyi gaɓoɓinsu na ciki suka fara tsayawa, ɗaya ya rasa yatsu. Inshorar kamfanin Jamus ɗin da ya yi maganin fam miliyan 2 ce kacal ga dukansu, kamfanin kuma ya karye. Ingila ke nan fa. Indiya kuma a 2013 ta fito da ma'aunin lissafi: a fara da rupi 800,000, a ninka gwargwadon shekarun mamacin da kuma yadda ciwonsa yake kafin ya shiga. Mai lafiya magadansa su sami da yawa, wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa su sami kaɗan. Da wannan ma'auni za a auna yaran IDH, da su ne a ƙasan jeri.

Malam Habibu:
Nan kam diyya ta sha bamban. Raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, jariri da dattijo, mai lafiya da wanda yake gargara, sarki da almajiri. Ba a tambayar nawa yake samu a wata. Gaɓoɓi ma an ƙayyade su tun wasiƙar Amru ɗan Hazmu da take cikin Muwaɗɗa: ido ɗaya 50, hannu 50, yatsa 10, haƙori 5. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san gushewar ji diyya ce cikakkiya, gushewar hankali ma haka. Kuma suna taruwa. Yaron da ya rasa ji da gani da hankali, diyya uku ce, ya fi wanda ya rasu.

Likita Nura:
Bari in yi muku lissafin zinare, abin ya ba ni sha'awa. Dinari giram 4.25 ne, 1,000 ya zama giram 4,250. A tsakiyar 2009 da aka yi sulhun, giram yana wajen dala 30, diyya ta kama kusan dala 128,000, ke nan 175,000 ta haura ta. A Agustan 2011 da aka fara biya, zinare ya tashi, giram ya kai wajen dala 56, diyya ta kusa 240,000. Jinkirin shekara biyu kawai ya mayar da kuɗin daga sama da diyya zuwa ƙasa da ita.

Barista Zainab:
Malam, da girmamawa, tunda an yabi daidaiton diyya, a faɗi ɗaya gefen. A mazhabarmu diyyar mace rabin ta namiji ce, ta Kirista da Bayahude ma rabi. A ɗaki ɗaya, gado biyu, Aisha da Aminu, magani ɗaya. Asusun Kano bai bambance su ba. In aka ce a koma ma'aunin diyya zalla, uwar Aisha rabi za ta karɓa. Ni a matsayina na uwa wannan yana min nauyi.

Malam Habibu:
Haka yake a mazhabobi huɗu game da mace, ba zan lanƙwasa ba. A kan wanda ba Musulmi ba, Abu Hanifa ya daidaita. A kan mace akwai 'yan tsiraru na da, irin su Al-Asammu da Ibnu Ulayya, da wasu na zamani kamar Shehu Yusuf Alƙardawi, da suka daidaita. Amma Barista ki lura, diyya ƙasa ce da ba a sauka ƙarƙashinta in an yi hukunci, ba ta hana sulhu ko sharaɗi a kan abin da ya fi ta. Hukuma ta ce kowane rai a bincike giram 4,250 ne, mace ko namiji, kamfani ya sa hannu, babu malamin da zai ce haram.

Ustaz Mubarak:
A nan dai ban ja ba, tunda ta ƙofar sharaɗi aka shigo ba ta ƙofar diyya ba.

Ɗan Fagge:
Ku dai kuna ta lissafi. Asarar da ba a biya ba ita ce ta 2003, da aka daina rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda, mutane suna cewa ai ga abin da aka yi a IDH. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin, wa zai biya su? Pfizer ko masu wa'azi ko gwamnati?

Likita Nura:
Wannan wata muhawarar ce Ɗan Fagge, a buɗe mata nata zaren. Abin da zan ƙara, tun 2007 Najeriya tana da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, kuma kwamitocin asibitoci suna neman shaidar inshora kafin gwajin magani. Inda ake sakaci shi ne ba a cika tambayar nawa ce inshorar ba, wa zai yanke cewa illar daga binciken take, kuma cikin wata nawa za a biya. In wanda zai biya shi ne zai yanke, an gama.

Hajiya Binta:
Malam Habibu, tambaya ta ƙarshe kafin in tashi sallah. In irin wannan kuɗin ya zo, na uba ne shi kaɗai? Don a garin nan cak da sunan maigida ake rubutawa.

Malam Habibu:
A'a Hajiya. In yaron yana raye, kuɗin nasa ne, uba amana kawai yake riƙe, a kashe a kan magani da karatu da abin da zai rayu da shi, ba a ƙara aure da shi ba. In ya rasu, gado ne, ana raba shi kamar sauran dukiya. Yaron da ya bar uwa da uba, in yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, uwa tana da sudusi, sauran na uba. In ba shi da su, ko ɗaya ne tak, tana da sulusi. A dala 175,000, sudusi ya haura 29,000, sulusi ya haura 58,000. Kuma ko an sake ta kafin kuɗin ya fito, rabonta yana nan, a nemo ta a gidan da take a ba ta.